Zauren da Ya Ƙi Faɗuwa

Mahaifina magini ne, na ginin ƙasa. Haka ma mahaifinsa. Ni ne ɗansa na fari, kuma ni ne na bar sana'ar tun ina saurayi na koma buga bulo a Ikara, saboda a lokacin duk wanda rakensa ya yi kyau, siminti da kwano yake nema. Baba bai taɓa yi mini faɗa a kan haka ba. Da ma ba ya kiran sunana, saboda kunyar ɗan fari, sai dai ya ce "kai". Da na koma bulo sai ya sami abin kira: mai siminti. Da shi ya kira ni har ya bar duniya.

A shekarunsa na ƙarshe aiki ya ɗauke masa. Sai ɗan yaɓen katanga idan damina ta ci gindinta. Yana noma 'yar gonarsa a ƙauyenmu, tsakanin Makarfi da Kudan, ranar kasuwa kuma ya je ya zauna a rumfar masu sayar da fartanya, ba don zai sayi komai ba.

Wata shekara bayan girbi aka kira taro a Makarfi, aka ce masu sana'ar hannu su zo: kafintoci, teloli, maƙera, magina. Na je, don na ɗauka kwangila ce. Wani mutum daga birni ya tsaya da takarda a hannu ya yi mana bayani. Ya ce za a sassauta wa masu shirya fim haraji, da sharaɗin su zo yankinmu su yi aikinsu, kuma su ɗauki 'yan gari, kada su kwaso ma'aikata daga Kano ko Kaduna. Ya ce idan abin ya kankama, fim zai zame mana kamar rake, kowa ya ci a jikinsa, daga mai tuwo har ɗan acaɓa. Matasa kuma za a koya musu riƙon kyamara da fitila.

Wani tela a bayana ya ce, "To mu da ake karɓar namu a kasuwa, sai mun yi rawa za a sassauta mana?"

Aka yi dariya, har da mai bayanin.

Na je gida na ba Baba labari don shi ma ya yi dariya. Bai yi ba.

"Magina ka ce?"

"Har da magina, Baba."

"Naku ko namu?"

"Bai bambance ba."

Ya ce to. Ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

Ba a yi wata biyu ba sai ga su. Shugabansu, wanda suke kira darakta, wani matashi ne siriri mai ladabi. Labarin da za su ɗauka na zamanin da ne, kafin zuwan mota. Sun zaga ƙauyuka suna neman tsohon zauren dagaci, amma duk inda suka ɗora kyamara sai kwano ya leƙo, ko turken wayar lantarki. Sai suka yanke shawarar su gina nasu a wata gona da suka ara kusa da Kudan. Wani a Ikara ya gaya musu ni ɗan magini ne. Na kai su gida.

Daraktan ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa ya gaida Baba, aka tambayi gida da gajiya da mutanen Kano. Sannan ya fito da zane ya shimfiɗa a tabarma.

"Baba, fuskar kawai muke so. Ƙofa, da zankwaye a sama, da ɗan bango hagu da dama."

"Bayan fa?"

"Kyamara ba ta ganin baya, Baba. Sai a tokare da itace."

Baba ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce, "Ɗan nan, ka taɓa ganin mutum mai fuska ba ƙeya?"

Suka yi dariya.

"Ni ban iya rabin zaure ba. In zaure kuke so, in gina muku. In allo kuke so, akwai kafinta a bakin titi."

Daraktan ya yi shawara da mutanensa. Suka ga ashe hakan ya fi musu, don za su iya ɗaukar cikin zauren ma. Aka shirya. Na raka shi wajen mota, a nan ne ya ja ni gefe.

"Malam, ka gaya wa Baba kada ya wahalar da kansa da yawa. A ƙarshen labarin mahara ne za su rushe zauren, kuma a gaban kyamara za a rushe shi. Gonar ma aro ce, kafin ruwan shuka mai ita yana son abarsa a share. Na ji nauyin faɗa masa da bakina."

Na ce, "Zan gaya masa."

Da na koma ciki na tarar Baba ya shiga ɗakin tarkacensa yana fito da kayan aiki. Ya sami tsohuwar fartanyarsa ta kwaɓa ƙasa, ƙotar ta ruɓe, yana neman wata. Ya ce in ɗauki babur in je Kudan in kira masa Kawu, tsohon abokin aikinsa da muka tashi muna kira haka. Na tsaya a bakin ƙofa maganar tana bakina. Na ce a raina bari sai gobe.

Washegari Inna ta tare ni a tsakar gida. Ta ce, "Jiya ubanka ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Rabon da in ga haka na manta." Na ce a raina bari a fara aikin tukuna.

Aka fara. Na rufe wajen bulona na zo na riƙa kwaɓa masa ƙasa, abin da rabona da shi shekara ashirin. A haƙo jar ƙasa, a zuba ruwa, a watsa ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali a shanya. An ɗauki 'yan ƙauyen suna haƙa da ɗebo ruwa, kamar yadda sharaɗin ya ce. Baba da Kawu suna kan bango, mu muna jefa musu tubali suna cafewa. Tsofaffi biyu, kowanne ya haura saba'in, amma ban ga tubali ɗaya ya kuɓuce musu ba.

Kawu ba ya rufe baki. Idan na jefa tubali ya karkace sai ya ce, "Kai mai siminti, wannan ba bulo ba ne, yana da kai yana da gindi, kamar ubanka."

Baba ya ce, "Rabu da shi. Hannunsa ya saba da abin da ba ya numfashi."

Idan sun ɗora layi huɗu ko biyar sai su sauko, a bar bangon ya sha iska. Daraktan yana zuwa duk bayan kwana uku, yana duba agogo, yana duba sama.

"Baba, ba za a ɗan ƙara sauri ba?"

"Ƙasa ba ta son gaggawa. In ka ɗora mata ɗanye a kan ɗanye, za ta amsa maka yau, da damina ta ƙi ka."

Daraktan ya dube ni. Na sunkuya ina gyara ciyawa.

Da bango ya kai inda za a fara rufi, suka kawo azara daga kasuwa, wato itacen giginya da ake tsagawa a yi rufin soro da shi. Baba ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa, ya sa farce ya karta.

"Wannan ta macen giginya ce. Shekara biyar gara ta gama da ita."

Daraktan ya yi dariya. "Baba, shekara biyar ai ta ishe mu har da ragi."

Baba ma ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Washegari ya sa aka ɗaura amalanke. A bayan gidanmu akwai wata rumfa da ba a taɓawa, a nan ya ajiye azarar soron kakana, wanda ya faɗi tun ina yaro. Ta yi baƙi da hayaƙin shekaru, ga nauyi, in ka buga ta sai ta yi ƙara kamar ƙarfe. Sau biyu ana zuwa saye yana hanawa. Ya ce ta ɗakinsa ce da zai gina, ɗakin da bai taɓa ginawa ba. Ita ya sa aka loda.

Na ce, "Baba, wannan fa ta gida ce."

"A gidan me take yi? Ɓeraye take wa inuwa." Ya ɗaure igiyar amalanken ya ja ya ji ƙarfinta. "Ba kai ka ce mini mutumin nan ya ce fim zai zama kamar rake ba? To in waɗannan sun gama, wasu za su zo. Su ma zaure za su nema. Su tarar da shi a tsaye, su ce a ƙara musu soro, a ƙara masallaci. Wa zai gina? Dole yara su koya."

Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin wannan ba. Na bi bayan amalanken har gonar.

Rufin zaure irin nasu a kan baka yake zama, wato ginshiƙi mai lanƙwasa kamar bakan gizo. Ana kafa azara a cikin bango daga ɓangarori biyu, ta ɗan sunkuyo ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe. Sai a ɗaura wata a kanta ta ƙara sunkuyowa, a haka a haka har hannayen biyu su haɗu a sama. Babu ma'auni. Yawan sunkuyon a ido yake, da kuma yadda azarar ke amsawa a tafin hannu. Duk sauran ginin mutum zai iya koya da kallo, amma ban da wannan. Sai ka riƙe da hannunka, wanda ya iya yana tsaye a kanka.

Baka biyu Baba ya yi wa zauren, suka gitta juna a tsakiya. Shi da Kawu suna sama, ni ina ƙasa ina miƙa azara da jiƙaƙƙiyar igiya. Ranar da za a ɗaura hawa na biyu na ji sha'awar abin ta kama ni.

"Baba, in hau?"

Ya leƙo. Na ga ya ji daɗin tambayar, duk da bai nuna ba.

"Ba yau ba. Mutanen nan suna sauri, in na tsaya koya maka sai mu ƙara musu mako biyu. Bari a gama wannan. Na gaba kai za ka ɗaura, ni ina ƙasa ina zaginka."

Kawu ya ce, "Ni ma a ajiye mini wajen zama, ina da zagin da na tara masa."

Nan ne ya kamata in yi magana. Na sani a lokacin, ba daga baya na gane ba. Na miƙa masa azara ta gaba.

Zauren ya yi kyau. Ba don na mahaifina ne ba. Mutane sun riƙa zuwa daga ƙauyuka su shiga su ɗaga kai suna kallo. Da rana tsaka cikinsa sanyi kamar bakin randa. Wata tsohuwa ta shiga ta shafa bangon ta ce ƙamshin ɗakin aurenta ta ji. Masu fim suka yi kwana goma sha suna aiki a ciki da waje. Kullum Baba yana can tun safe, yana share ƙofar kafin su iso, sannan ya koma gindin wata ɗorawa ya zauna. Sau ɗaya kawai ya sa musu baki. Wanda ya fito a dagaci ya fito daga zauren a miƙe, rawaninsa ya bugi saman ƙofa ya faɗi.

Baba ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar zaure sunkuyawa ake yi mata, ko sarki ne."

Aka sake ɗauka, ya sunkuya. Daraktan ya ce haka ya fi kyau ma.

Ranar da aka sa za a rushe ta faɗo ranar kasuwar Makarfi. Da sassafe na je da babur na ce wa Baba yau ba sa aiki a zauren, ya zo in kai shi kasuwa. Ya ce da ma yana da sayayya. Na sauke shi na juyo. Abin da na shirya a raina shi ne ya dawo ya tarar an gama, in ce ni ma ban sani ba. Na rubuta wannan ne don haka aka yi.

Maharan su goma sha ne, da baƙaƙen riguna, ɗauke da wani gungumen itace. Aka ba su alama suka sheƙo da gudu suka daki bangon. Gungumen ya dawo da su baya, biyu suka faɗi zaune. Aka sake. Aka sake. Ɗan yaɓe ne kawai ya ɓare. Suka sa gatura, suka sa diga, bangon kamu biyu ne a gindi, ya bushe ya zama kamar dutse. Ɗaya daga cikinsu ya jefar da gatarinsa yana yarfe hannu.

"Wallahi da haka kakanninmu suka yi gini, ba a taɓa cin garin kowa da yaƙi ba."

Wajen hantsi daraktan ya ce a tsaya. Ya zo inda nake, ya yi magana a hankali don kada a ji.

"Malam, ba ka gaya wa Baba ba ke nan."

Ya waiwaya ya dubi bangon, ya ci gaba.

"Ba za mu iya ba. In muka ci gaba da haka rufin zai faɗo a kan wani. Sai wanda ya gina. Ka ɗauko shi, don Allah."

Na tarar da Baba a bakin kasuwa da buhu a gabansa. Ɓawon ɗorawa ne ya saya, wanda ake jiƙawa a yi makuba, a shafe rufi da ita don kada ruwa ya ratsa. Ya ce gara a yi wa zauren kafin hadari ya fara haɗuwa. Muka ɗaure buhun a bayan babur, ya hau. Na bari sai da muka bar gari, muka hau hanyar da ke ratsa gonakin rake, sannan na faɗa masa, ina kallon gabana. Na faɗi duka a jere, har da maganar mai gona.

Ya ce, "Tsaya."

Na tsaya a gindin wani mangwaro. Ya sauka. Na ɗauka zai juya ya koma da ƙafa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da suka zo gida."

"Ranar azara ka sani?"

"Na sani, Baba."

Ya dubi buhun. Ya kwance igiyar da hannunsa, ya sauke shi ya jingina da mangwaron, ya naɗe igiyar ya sa a aljihu. Ya hau babur ya ce mu je.

Da muka isa daraktan ya taho da sauri ya durƙusa, yana ba da haƙuri. Baba ya ce, "Tashi, ɗan nan. Kai ka faɗa. Saƙon ne bai iso ba." Ya zaga zauren sau ɗaya, yana taɓa inda gatura suka sassara. Ya tambaya ta ina kyamara za ta tsaya, kuma ta ina suke so ya faɗi. Aka nuna masa. Ya ce a ba shi zuwa gobe da la'asar.

An aika wa Kawu, ya zo ya ji abin da ake ciki, ya ce shi hannunsa ba zai taɓa ba, ko za a ba shi Kano da kewayenta. Ya je gindin ɗorawa ya zauna ya juya baya. Baba bai roƙe shi ba. Ya dube ni.

"Kai mai siminti, ɗauko diga. Wannan kam za ka iya."

Muka shiga ciki mu biyu. Ya nuna mini ƙafafun baka huɗu, inda azarar farko ta shiga bango. Ya ce duk nauyin zauren a nan yake sauka. Ya sa na haƙa rami a bayan kowace ƙafa, ta inda kyamara ba za ta gani ba, aka riƙa ɗura ruwa har yamma, da safe aka ƙara. Ya hau rufi da kansa, ya buɗe tsakiya inda bakan biyu suka gitta, ya yanke igiyoyin da ya ɗaura, ya bar biyu. Yana yi yana gaya mini dalili, da muryar da yake koyar da aiki, ba fushi a cikinta: in ka yanke wannan kafin waccan zai murɗe, in ruwa ya yi yawa a gabas zai faɗi kafin lokaci. Iyakar abin da na koya a kan baka ke nan, inda ake kashe shi.

Da la'asar aka ɗaura dogayen igiyoyi ta baya, maza ashirin suka riƙe. Maharan suka sheƙo da gungumensu, aka ba da alama, aka ja. Zauren ya ɗan tsaya kamar yana shawara. Sannan rufin ya nutse ciki, bangon gaba ya biyo shi. Ƙarar azarar kakana da take karyewa ta fi ƙarar faɗuwar, ko kuwa ni ita na ji. Masu fim suka yi tafi, suna rungumar juna, don abin ya yi daidai a ɗauka ɗaya, kuma babu na biyu.

Baba ya kalla daga farko har ƙarshe. Ya juya wajen Kawu, wanda yau ma yana gindin ɗorawa bai waiwayo ba.

"Ta gabas ce ta fara saki."

Kawu ya ce, "Na gaya maka igiyar nan ba ta jiƙu ba."

"Ka faɗa."

Washegari muka tono azarar. Guda bakwai ne suka fita da rai, sauran sun zama itacen wuta. Muka mayar da su rumfar bayan gida. Mai gona ya baje ƙasar, ruwa ya sauka, ya shuka masara.

Ba wanda ya sake zuwa neman zaure. Wata ƙungiya ta zo ta yi kwana huɗu a Ikara, da ma'aikatanta ta zo, ta tafi. Daga nan shiru. Na ji maganganu iri-iri. Wasu sun ce takardun da ake nema kafin a sami sassaucin sun fi harajin wahala. Wasu sun ce tsoron hanya ne. Wasu sun ce waɗanda suka kawo tsarin an canza musu wajen aiki. Ban san gaskiyar ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Matasan da suka ba da sunayensu don koyon kyamara suna nan a tasha da baburansu. Telan nan mai barkwanci, idan muka haɗu, yakan ce, "Mai bulo, yaushe za mu yi rawar?" Tun ina murmushi har na daina.

Baba bai sake ta da maganar ba, bai kuma canza mini fuska ba. Da ya yi mini faɗa da na fi samun sauƙi. Ya yi noman daminar nan, ya daina zuwa kasuwa. Da rani ya kwanta. Ba zan ce zauren ne ya kashe shi ba. Ya tsufa, yana da hawan jini, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma tuwon da Inna ta yi murna da shi ya koma dawowa da saura.

Wata rana bayan azahar na shiga na tarar da shi shi kaɗai, idonsa biyu. Na durƙusa a gefen gadon na ce ya yafe mini.

"Na yafe tun a gindin mangwaro."

Na kasa tashi. Sai ya ce, "Ka ɗauka da ka faɗa mini ba zan gina ba?"

"Haka na ɗauka, Baba."

"Da zan gina. Kuma haka zan gina shi, da azarar da komai. Magini bai taɓa gina abin da ba zai faɗi ba, na ubana ma ya faɗi." Ya nemi ruwa na ba shi. "Abu ɗaya ne. Ranar da ka ce in hau. Da na san babu na gaba, da na sauko na ba ka igiyar. Su jira mako biyun, ko su tafi. Ni na ɗauka muna da lokaci."

Ya rufe ido. Na ɗauka ya yi barci, sai ya ce, "Shekara ashirin ina jiran ka tambaya."

Bayan kwana tara ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi, shi da ya san ta. Kawu bai cika shekara ba ya bi shi.

Fim ɗin ya fito bayan rasuwarsa. Wani ya tura mini a waya. Zauren yana ciki, da dagacin da ke sunkuyawa a ƙofa. Akwai wani wuri da kyamara ta ɗaga sama ta nuna inda bakan biyu suka gitta, ba ta daɗe ba. Nakan tsayar da hoton a nan in buɗe shi da yatsu, ina neman yadda igiyar ta bi, amma ƙasa ta rufe komai. Faɗuwar kuwa an ce sau uku suka nuna ta, a hankali, ta ɓangarori daban-daban. Ban kalla ba.

Bara wani dattijo ya zo wajen bulona daga Paki. Ya ce soron mahaifinsa ne bakansa ya tsage, ya yi ta cigiya aka ce gidanmu ne gidan wannan aiki. Na ce wanda ya iya ya rasu. Ya ce, "Ai ɗan magini ba ya rasa hannu. Zo dai ka gani."

Na je. Tsohon soro ne mai kyau, baka ɗaya, ya tsage daga ƙafar yamma ya haura. Na tsaya a ƙarƙashinsa na ɗaga kai. Na ga inda nauyin yake sauka. Na ga igiyar da za a fara yankewa da wadda za a bari. Na san ruwa nawa kowace ƙafa za ta sha. Na yi ta neman ta inda za a fara gyara, ban gani ba.

Dattijon yana bayana yana jira. "Yaya, Malam? Akwai dabara?"

Na ce masa ina da azara bakwai masu kyau a gida, in ya sami wanda ya iya ɗaurawa ya zo ya ɗauka kyauta. Ya ce ya riga ya zaga har Zariya da Kano ta bakin mutane, waɗanda aka kwatanta masa ko sun mutu ko ba sa iya hawa.

"To in babu fa?"

Na ce kada kowa ya sake kwana a ciki, kuma a sauke shi kafin damina, tun bai sauko da kansa ba.

Ya ɗaga kai ya kalli rufin. Ya ce, "Sauke shin fa, ka iya?"

Na ce na iya.

Ni na sauke shi. Ɗakin da aka gina a wurin, a wajena aka sayi bulonsa.